Ranar da Jirgin Maigida Ya Ci Rigar Suruki

Ko na tsufa na manta sunayen jikokina, ba zan manta ranar da aka zo neman auren 'yarmu ta fari ba.

Maigida tsohon sojan sama ne. Tun da ya yi ritaya ba shi da zance sai na jiragen yaƙin zamanin da, masu taya biyu a gaba da wata 'yar mitsitsiya ƙarƙashin wutsiya. Na gasken ba ya samuwa, sai ya ƙera ƙarami mai tashi da rimot, fikafikansa sun kai tsawon tabarma. A ina? A falona. Ni da ban wuce firamare ba har na haddace karatun: in iska na bugowa daga gefe, wutsiyar take turawa, hancin ya karkace. Sai a danne fiffiken da ke ɓangaren iskar, a ƙara wuta sannu-sannu, kada a yi gaggawar ɗaga wutsiya. Ina tuƙa tuwo ina jin wannan, ina shanya ina ji.

Dangin yaron da ke neman auren masu shanu ne daga wajen Vom. Jagoransu baffansa ne, dattijo mara yawan magana, wanda aka ce in ya ce a'a to an gama. Yarinyar kuwa tana son yaron kamar ranta. Tun da safe na roƙi Maigida, don girman Allah yau ɗaya a bar jirgin nan ya huta. Ya ce haba Hajiya, shi yaro ne?

Ana gama cin masa na leƙa, falo wayam. Ga su can a filin bayan gidanmu na Titin Bauchi, iskar Jos na kaɗa musu riguna. Na tsaya a bakin katanga ina ta salati a zuci.

Mutumin da ya shekara yana min wa'azin sannu-sannu, da ya ga idon baƙi sai ya buɗe wuta gaba ɗaya. Wutsiya ta ɗaga, iska ta hankaɗe ta, jirgi ya saki hanya ya nufi baffa. Dattijo ya yi tsalle, amma ina! Farfela ta kama gefen babbar rigarsa ta shadda, ta nannaɗe, keeet. Ina jiyo 'yata a bayana ta fara shessheƙa.

Baffa ya daɗe yana kallon rigar. Sai ya durƙusa, ya taɓa 'yar tayar nan da yatsa.

"Alhaji, wannan 'yar ƙafar ce ta ci amanarka?"

Maigida ya fara in'ina yana ba da haƙuri. Baffa ya katse shi, ya ce shi ma ya sha kaye wajen horar da ɗan maraƙi, laifin mai igiya ne kullum. "Ɗauko shi mu sake. Amma ka bi shi a hankali."

A karo na biyu jirgin ya tashi sumul. A nan filin, da yagaggiyar riga, baffa ya nemi auren aka ba shi.

Yanzu duk Asabar sai ya zo daga Vom. Jirage uku ne a falona, ɗaya nasa ne, ni ce mai dafa musu shayi. Abin da na koya shi ne in riƙa cika addu'a. Na roƙi Allah kada surukai su guje mu saboda haukan Maigida, na manta ban roƙa kada su kamu da shi ba.