Autata da Igiyar Ruwa

Ƙiiƙ, ƙiiƙ nake ji daga ɗakin yara, irin kukan ƙarfen da ke neman mai. Na rage wutar girki na leƙa. Teburin guga ne kwance a ƙasa, an naɗe ƙafafunsa, autata kuma tana tsaye a kai, ta ware hannuwa, tana karkata dama da hagu.

"Ke, me teburina ya yi miki?"

"Tadrib, Umma." Wai atisaye take yi. Ƙawarta ce a makaranta ta nuna mata hoton wani ƙauyen masunta da ke arewa da Jidda, inda iyalai ke zuwa hutu, yara suna hawa allo a kan teku suna sulalowa har gaɓa. Ita ma sai ta hau.

A unguwar Karantina, nan Jidda, aka haife ni. Iskar teku muka tashi muna shaƙa, amma ban taɓa tsoma ƙafa a ciki ba. Kakata da jirgin ruwa ta sauka garin nan, kuma har ta rasu, Allah Ya jiƙanta, a wurinta teku hanyar aikin hajji ce, wadda ta cinye wasu abokan tafiyarta. Ba a wasa da ita. Mahaifiyata ta karɓi wannan tsoro ta miƙo mini. Ina kallon yarinyar nan a kan teburin guga na ƙudurta a raina cewa a kaina zai tsaya.

Da na gaya wa babansu, dariya ya yi. "Hajiya, ke da ko mun je shan iska bakin teku a Kurnish kike zama can bayan mota?"

"Kai dai ka kai mu," na ce.

Ni na ɗinka mata kayan ruwan, dogon wando da riga mai saukowa gwiwa da hula. Tana zaune kusa da keken ɗinki ta tambaye ni, rabi da Larabci, in ta faɗi a tsakiyar ruwa fa?

"Ai igiyar ruwa ce za ta kawo ki bakin gaɓa," na ce. Ta gyaɗa kai, hankalinta ya kwanta. Yaran nan haihuwar unguwar Safa ta Jidda suna jin Hausa fiye da yadda suke mayarwa, sai na ɗauka ta gane.

Ƙauyen ƙarami ne: masallaci fari, kwale-kwale a kife, shaguna masu sayar da soyayyen kifi da ba da hayar alluna. Muka shimfiɗa tabarma cikin iyalai, na jera fulas ɗin shayi da tukunyar shinkafa. Mai koyar da 'yan mata wata matashiya ce da rana ta ƙona wa hanci. Ta ba autata allo shuɗi, suka shiga.

Ruwa na kai mata gwiwa sai ta tsaya. Ta duba nan, ta duba can, ta juyo.

"Umma, fen igiya? Ina take?"

"Wace igiya?"

"Wadda kika ce! Wadda zan riƙe!"

Sai a lokacin na fahimta. Ita abin da ke tasowa yana kumfa, da sunan Larabci, mauj, ta san shi. Igiya kuwa guda ɗaya ta sani a duniya, ta shanyar kaya a barandarmu. Duk kwanakin nan da ita ta dogara.

Yayyenta maza suka faɗi a yashi don dariya. "Baba, koma gida ka kwanto mata ta shanya!" in ji babban. "Har da mataushin kaya!" in ji ƙaramin, wanda shi ma bai san sunan maƙalin ba.

Ta saki allon, ta ɓata fuska. "Halas. Ba na so. Mu tafi bet." Gida take nufi.

Na san wannan fuskar, tawa ce. In ta fito yau, ta fito ke nan har tsufa. Na ajiye kofin shayi, na yi bisimilla, na taka cikin ruwa da abayata.

"Hajiya, takalminki!" babansu ya ƙwala. Ban waiwaya ba.

Ashe ruwan da ɗumi. Abayar ta yi nauyi, yashi na zamewa ƙarƙashin ƙafata, ina ta hasbunallahu a zuci har ruwa ya kai mini ƙugu. Na kamo allon, na ce ta kwanta a kai, ga ni na riƙe bayansa. Mai koyarwar ta ce da zarar ruwan ya taso in tura in saki.

Ya taso na tura, hannuna dai yana wurin. Allon ya tsaya cak, yarinya ta gangaro, ta sha gishiri, ta tashi tana tari. Ta sake hawa. Haka muka yi ta yi, tana miƙewa a kan gwiwa, ni ina riƙe, ruwan yana wuce mu ya tafi gaɓa shi kaɗai.

Can wani babban ruwa ya taho daga nesa. Ta dafa allon da hannu biyu, ta waiwayo, hula ta karkace, ruwa na ɗiga daga haɓarta. Ta tattaro Hausarta duka.

"Umma, ke ne kina hana ni. Yalla, ki sake ni!"