Sarkin da ke Nuni da Leɓe

Ni ban yi lakwal ba, wato makarantar boko, faɗi nake ana rubutawa. In an ga magana ta yanke, kuka ne ya yanke ta, don tun da na binne maigidana hawaye ba su yi mini wuya.

A Tsibiri na tashi, a hannun kakata Iya Saratu. Mu Kirista ne, maƙwabtanmu duk Musulmi, amma da an ci tuwo ta tura kara a murhu, yaran unguwa nan suke taruwa jin tatsuniya, ba mai tambayar ɗan wa ne. Takan binne mana gujiya a toka. Ranar da ba ta binne ba, mun san abin da ke tafe ba na dariya ba ne.

"Ga ta nan, amma yau da jini ta zo," in ji ta. "Matsoraci ya tafi bayan uwarsa." Ba wanda ya motsa.

Wai wani sarki ne a bakin gulbi, mai tsoron Allah da farko. Wata rana ya ga bijimin wani makiyayi, fari tas, ya duba ya wuce. Washegari ya sake bi ta hanyar. "Kallon fari ido ne ya yi," Iya ta ce, "na biyun Shaiɗan ne ya ja shi." Sarki bai ce uffan ba, ya dai turo leɓe wajen bijimin. Dogarai suka gani. Suka tare makiyayi a mashaya, suka fasa masa kai da kulki, suka tura gawar cikin ruwa. Da yamma bijimi na ɗaure a fada. Sarki ya ce, "Ni na ce a kashe? Wa ya ji bakina?"

Abu ya yi masa daɗi. Ya nuna rumbu, aka ƙone mai rumbun. Ya nuna matar wani, aka soke mijin. Wani tsoho bawan Allah ya zo ya ce, "Ranka ya daɗe, Ubangiji yana jin leɓe kamar yadda yake jin murya. Ka tuba." Sarki ya turo masa leɓe, aka yanke harshen tsohon aka jefa wa kaji.

Duk wannan ɗan sarki na gefe yana kallo. Da ya kawo ƙarfi, wata rana a tsakiyar fada ya turo leɓe wajen rawanin ubansa. Dogaran nan dai su ne suka tashi. Sarki na kiran su da sunayensu, suka shaƙe shi da rawanin har idanunsa suka fito.

"Wa ya kashe sarki?" Iya ta tambaya. Wasu suka ce dogarai, ni na ce ɗansa. Ta ɗana mini kara a ƙafa. "Wawaye! Wanda ya koya wa kare cizo, ai naman jikinsa yake ajiye masa."

Na girma, aka kai ni Jiratawa. Maigidana manomin rani ne, mutum mai sanyi, shi ke jan waƙa a majami'a. Manoma suka zaɓe shi ya shugabanci rabon ruwa, shi ke cewa yau layin wane, gobe na wane. Nan da nan samari suka fara bin sa, wannan ya riƙe masa keke, wancan ya share masa wurin zama.

Akwai wani Ɗanladi da gonarsa ke bakin magudana, mai tsaurin baki, kullum yana musu da shi a gaban mutane. Maigidana bai taɓa cewa a taɓa shi ba. Wata rana dai Ɗanladi na wucewa, maigidana ya bi shi da leɓe ya yi tsaki. Samarin suka same shi a cikin albasarsa, suka karya masa haƙarƙari da ƙotar fartanya. Bai kai asibitin Maradi da rai ba. Jandarma suka kwashi samarin, maigidana kuwa ba wanda ya ji bakinsa.

Amma ya daina cin abinci. Wata Lahadi ya miƙe a majami'a ya faɗi kome yana kuka, ya ajiye shugabancin. Fasto ya ce Yesu ba ya korar mai tuba, kuma na gaskata an gafarta masa, har yau na gaskata. Sai dai gafara ba ta ta da Ɗanladi ba. Ƙanensa ya tare maigidana a hanyar gona da adda. Ni na tattara shi a zanena. Wayyo, hannun da ya kare kansa da shi ma sai can gefe na tsinto.

Yanzu ina zaune a Zariya wurin ɗiyata. Kwanan baya ɗana Ishaya ya zo daga Jiratawa yana murna, wai an ba shi kujerar ubansa, samari biyu na biye da shi. Muna gaisawa sai wani mai tallan gawayi ya tsaya a ƙofa yana ta kira. Ishaya ya turo leɓe. Kafin in ƙifta ido ɗayan samarin ya tunkuɗe mutumin, gawayi ya watse a ƙasa.

Ban san lokacin da na ɗauki muciya ba. Na buga wa Ishaya a baki, mutum mai furfura, a gaban yaransa, har jini ya ɓata masa riga.

"Inna, me na ce?"

"Da ka ce, ai da sauƙi. Abin da kake so ka faɗe shi da murya, kowa ya ji, ka ɗauki kayanka. In kunya ta hana ka faɗi, to zunubi ne. Tashi ka tsince masa gawayinsa."

Ya tsince, ya tafi ba sallama, bai sake zuwa ba. Ina kewarsa, kullum sai na yi kuka. Da ina yarinya na ɗauka Iya tana ba mu labarin mugun mutum ne. Ashe labarin mutumin kirki ne da ya samu masu kallon fuskarsa. Ishaya ya yi ta fushinsa, in dai shi zai binne ni, ba ni zan tattara shi ba.