Kunya a Ƙarƙashin Ganye

Dogon hutun shekarata ta uku a jami'a bai yi kama da hutu ba. Ba a daɗe da ƙirƙiro jihar Kebbi ba, kowa yana neman gurbi a sabbin ofisoshi, ni kuma ina yawo da leda ina ɗibar ƙasa. Malamina ne ya ɗora mini aikin: in gwada ƙananan halittun da ke cikin ƙasa, waɗanda ido ba ya gani, in ga ko sun fi yawa a dajin da ba a taɓa nomawa ba ko a gona. Da wannan aikin zan samu digiri, idan ya lalace sai na maimaita shekara.

Gonaki ba su yi wuya ba, ga na albasa nan birjik a Aliero. Daji ne ya ba ni wahala. Da ƙyar na samu wani kurmi bayan Maiyama, mai duhu da manyan itatuwa, na rubuta wa malam cewa na dace.

Mako shida na yi a haka. Da sassafe in sayi ƙanƙara a Jega, in zuba a kula mai riƙe sanyi, in ɗaure ta a bayan babur ɗin kawuna, in haƙa, in ƙulle, in koma kafin ƙanƙarar ta narke, domin zafi yana kashe halittun. Sau biyu ruwan sama ya tare ni, komai ya lalace, na sake. Gwaggona ta ce ba ta taɓa ganin wanda ya je jami'a ya dawo yana sanya wa turɓaya ƙanƙara ba. Ban ma da ƙarfin yin dariya.

Ranar ɗiba ta ƙarshe wani dattijo makiyayi, wanda ya saba ganina a wurin, ya tsaya ya tambayi abin da nake nema. Na yi masa bayani, har da alfaharin cewa fartanya ba ta taɓa shiga nan ba. Ya dube ni, ya sa sandarsa ya share busassun ganye. Sai ga kunya a jere, ta kwanta amma ba ta ɓace ba.

“Ɗana, wanga wuri gona ta,” in ji shi. “Ina yaro nan munka yi kiwon kara bayan an girbe dawa.”

Na zauna a kan kular. Saura kwana huɗu a koma makaranta, babur yana bukatar gyara, jikina duk ya mutu. Gaskiya ban ji baƙin ciki ba, gajiya kawai na ji. Na ƙulle ledar na rubuta “daji” a kai.

Ranar da na tsaya kare aikin a gaban malamai, malam ya gaya musu cewa samun dajin da ba a taɓa nomawa ba a yankin nan sai ɗalibi mai gaskiya da naci. Na sunkuyar da kai na ce na gode.