Faifan Yaya a Shagon Kawu

Sati uku bayan rasuwar Yaya, kwamfutarta ta fara wata ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ƙadangare a cikin silin. Ni kaɗai na sani, don ni kaɗai nake kunna ta.

Ina aji biyu na babbar sakandare a lokacin. A aji ba na iya ɗaga hannu in yi tambaya, ko da ban gane komai ba. Shi ya sa Yaya take zaunar da ni a tsakar gidanmu na unguwar Badarawa bayan la'asar, tana yi mini bayanin lissafi, tana naɗar muryarta a kwamfuta don in riƙa saurare idan ta koma jami'a. Darasi tara ta naɗa. A ciki akwai tarinta, akwai dariyarta, akwai inda jirgin saman sojojin Mando ya wuce ta yi shiru ta jira shi.

Da Umma ta shiga kicin sai in shige ɗaki in kunna. Bayan ƙarar ta fara, kwamfutar takan tsaya cak, sai in kashe in sake kunnawa. Akwai ranar da na yi haka sau bakwai. Da ta ƙi tashi gaba ɗaya, Umma ta naɗe ta a ɗankwali ta ce in kai wa ƙanenta, Kawu, mai gyaran kwamfuta a gefen Babbar Kasuwa.

Kawu ya kunna sau ɗaya, ya kara kunnensa, ya yi wuf ya kashe.

"Wa ya yi ta kunna ta tana wannan kukan?"

Na zuba ido ga ƙananan kusoshin da ya tara a murfin gwangwanin madara.

"Ke nake tambaya, hajiyar kunya."

Ya ciro faifan ajiyar da ke cikin kwamfutar, bai fi tafin hannuna ba.

"Idan faifai ya fara haka, allurar da ke karanta shi ce take kartar shi. Duk kunnawa, sabuwar karta."

Ya ce shi a ƙa'idarsa ba ya bincike a cikin faifai mai ciwo. Kwafe shi yake yi tun daga farko har ƙarshe ya zuba a fayil guda, sannan ya ajiye na asalin ya huta. Kwana biyu kwafin ya ɗauka.

Rana ta uku na biya daga makaranta da kayan makarantata. Ya nuna mini fayil ɗaya tak a allon kwamfutarsa.

"Kawu, ina muryar?"

"Ashe kina magana! Yi haƙuri ki gani."

Ya rubuta wani layin umarni a wani baƙin shafi a kwamfutar. Sai ga sabon faifai ya fito a gefe, kamar yanzu aka jona shi.

"Na sa kwamfutata ta ɗauka fayil ɗin nan faifai ne na gaske," in ji shi. "Kuma na kulle shi, a karanta kawai, ba a rubutawa. Danna duk abin da kika ga dama, wannan ba ki iya ɓata shi."

Ban sani ba ko da gangan ya faɗi haka.

Komai yana nan yadda ta jera shi. Hotunan saukar Alƙur'aninta, takardun jami'a, da wurin da ta sa wa suna Darasin Kurma, don da kurma take tsokanata. Duka tara suna nan, kowanne da tsawonsa cif. Na danna na huɗu.

"To malama kurma, kina ji na? Buɗe shafi na..."

Shi ke nan. Ɗan layin da ke nuna tafiyar sauti ya ci gaba da rarrafe, babu murya. Kawu ya ce duk inda aka kasa karantawa a faifan, sifili aka cike wurin da shi, shi ya sa tsawon bai ragu ba. Muka bi su ɗaya bayan ɗaya. Nan kalma uku, can rabin dariya. A na bakwai ƙarar jirgin ta fito tsaf, amma abin da ta faɗa bayan ya wuce babu.

"Kawu, ni ce," na ce. "Ni na yi ta kunnawa."

Ya daɗe yana goge tabaransa da bakin riga.

"Na sani, ɗiyata. Ni ma da a ɗakina kwamfutar take, da na kunna."

Ya ce wa Umma faifan ne ya tsufa. Ni kuma ya zuba mini fayil ɗin a wani faifai, ya rubuta mini layin nan a bayan littafin lissafina, har na haddace shi.

Har yanzu nakan rubuta layin, faifanta ya fito. Darasi na huɗu minti goma sha takwas ne. Ba na tsallakewa. Nakan buɗe littafin in zauna har ya ƙare, ban san shafin da ta ce in buɗe ba.