Buhun Kanwar Hajiya Ya Je Agege

Ladan bai gama kiran assalatu ba muka bar gida, ni da kakata Hajiya da wani buhu da ya fi ni daraja a tafiyar. Yayata ce ta haihu a Agege, haihuwa ta biyu, kuma a gidanmu ba a yin jego sai Hajiya na tsaye a kai. Ni an haɗa ni da ita ne don in riƙe mata waya, in kuma yi dakon buhu. A cikinsa akwai gero, da kayan yaji, da ganyen wanka, da kanwar da za ta ishi matan Legas kaf su yi jego har baɗi.

A tasha yaron mota ya ce a saka buhun a but. Hajiya ta ce sai dai a saka ni, buhun ya hau kujera. Da ƙyar aka sasanta a kan zai zauna a cinyata. Kafin mu kai Zariya ƙafafuna sun yi sallama da ni, ban sake jin ɗuriyarsu ba sai a Kaduna.

Muna hanya Goggo ta bugo waya. Goggo yayar babana ce, 'yar farin Hajiya. Likitar mata ce kuma malama a jami'a, ta yi shekaru tana bincike a kan abin da ke kumbura masu jego har ya taɓa musu zuciya. Mu a gida abin da muka sani game da aikinta bai wuce cewa ba ta zuwa biki da wuri ba, in ma ta zo tana can gefe tana rubutu. Ta ce in gaya wa Hajiya, tunda jinin Yaya ya hau a ƙarshen cikin nan, kada a ba ta kunun kanwa. Na isar da saƙo yadda aka ba ni. Hajiya ta ce da kanwar nan aka yi jegon mai maganar, ga ta nan har ta zama farfesa. Daga nan ta juya ga taga, ta ci gaba da jan carbinta.

Duk wanda zai bi hanyar nan ya tanadi cikinsa don Lakwaja. Kifin bakin gada ya isa a yi masa tafiya ta musamman, sai dai tsadarsa za ka rantse kifin ya yi digiri. Hajiya ta taya, ta tafi, ta dawo, ta sake tafiya, har mai kifin ta gaji ta ƙara mana kai ɗaya don mu bar mata wurin. Daga nan ƙasa ta sauya. Duwatsun Okene, daji kore shar, da ramukan da in mota ta faɗa sai kowa ya tuna da kalmar shahada. Mun kwana a hanya, amma wannan ba zan ba ku labarinsa ba, wuyana bai yafe min ba har yanzu. Da safe a Ikire na sayi soyayyiyar ayabarsu, baƙa ƙirin, ga zaƙi ga barkono. Na ci ina hawaye ina ƙarawa.

A tashar Iddo ta Legas muka sauka, kusa da ruwa, iska tana kawo ƙarnin kifi da hayaƙin mota. Mijin Yaya ya tarbe mu ya saka mu a danfo, motar hayarsu ruwan ɗorawa, wadda kwandastanta ke tafiya rabinsa a ciki rabinsa a hannun Allah. A Oshodi na ga mutanen da ban san an halicci yawansu ba, kowa yana sauri kamar ya bar tuwo a wuta. Hajiya ta damƙe hannuna da ɗaya, bakin buhu da ɗaya, kuma na san wanda za ta saka in ta kama dole.

Agege kuwa sai ka ce an yanko wani yanki na Kano an ajiye a bakin titin jirgin ƙasa. Ga mai shayi, ga mai tsire, ga masallaci a kowace kwana. Amma yaran unguwar in suka fara magana da Hausa, kafin su kai ƙarshe sun bi ta Yarbanci sun ɓulla ta Turancin kasuwa. Wata 'yar mitsitsiya ta gaishe da Hajiya har ƙasa, ta juya ta ce da ni, “Anti, shift mana, kin tare hanya.” Burodinsu kuma gaskiya ne abin da ake faɗa, in ka ja shi sai ya biyo ka.

Jaririn lafiya lau, ƙato, mai kumatu. Yaya ce ba ta yi min ba. Tana dariya, tana tsokanata kamar kullum, amma ƙafafunta sun kumbura har silifas ya ƙi shiga, kuma ta ce kanta yana sara. Hajiya ta latsa ƙafar, ta girgiza kai, ta ce sanyin Legas ne ya shige ta, garin da ruwa ya kewaye. Maganin sanyi kuwa a wurinta zafi ne. Washegari ta tafasa ruwan wanka har banɗakin ya koma kamar gidan burodi, ta dama kunu ta ninka kanwa. Yaya ta shanye, don a gidanmu ba a ce wa Hajiya a'a. Da aka sake kwana, kumburin ya haura, idonta ma ya yi fulu-fulu. A nan wasa ya fita daga kaina. Na laɓe bayan tankin ruwa na kira Goggo, ta ce a kai ta asibiti yau, ba gobe ba.

Matsalar ita ce wa zai faɗa. Mijin Yaya ko haɗa ido da Hajiya ba ya yi, balle ya ce mata kununta ne. Sai ya durƙusa daga bakin ƙofa ya ce yau ranar awon jariri ce. Hajiya ta yafa mayafi ta ce da ita za a je, kada a bar mai jego ta sha iska.

Nas ɗin da ta karɓe mu 'yar kudancin Kaduna ce, Hausarta mai daɗi, tana ja mata wutsiya. Ta auna jinin Yaya, ta sake aunawa, ta daina murmushi, ta kira likita. Bayan an ba da magani an kwantar da Yaya, ta tambayi abin da take ci. Hajiya ta gyara zama ta lissafa da alfahari. Nas ɗin ba ta yi faɗa ba. Ta ce kanwa 'yar'uwar gishiri ce, tana riƙe ruwa a jiki, kuma ga mai jegon da jininta ya hau, wannan ƙarin kaya ne a kan zuciya. Hajiya ta ce ai wannan zancen Turawa ne, su da ba su san jego ba.

“A'a Mama, taku ce fa,” in ji nas ɗin. “Wata farfesa ce Bahaushiya daga Kano. Ta bi masu jego gida gida tana auna su, ta rubuta abin da ta gani. Da rubutunta aka koyar da mu a makaranta, likitan nan ma shi ya karanta.”

Sai ta faɗi sunan. Sunan Goggo, cikakke, har da na kakanmu. Na buɗe baki zan yi shela, Hajiya ta ɗana min mintsinin da har yau tabonsa yana nan.

“Ko kin san ta ne, Mama?”

Ku da kuka san kunyar 'yar fari kun san tarkon da aka saka tsohuwa. Tunda nake ban taɓa jin ta kama sunan Goggo ba, balle ta yabe ta a gaban mutane. Ta gyara mayafi, ta kalli bango, ta ce, “Ina dai jin labarinta.”

Yaya da ke kwance ta toshe baki da zani, gadon yana rawa.

Hajiya ba ta ce ta sauko ba, kuma ba wanda ya isa ya tambaye ta. Abin da na gani shi ne da muka koma gida ta kwance buhu, ta aike ni da kanwa ɗaki ɗaki. Ashe Yarbawa suna saka ɗan kaɗan a miyar ewedu, wato lalo. Matan gidan suka yi ta zuwa godiya suna durƙusawa, Hajiya tana amsawa da hannu kamar mai rabon zakka. Wani maigadi ɗan Nijar ya karɓi ragowar don ragonsa. Da aka sallamo Yaya, kunun gyaɗa ta tarar. Wanka ba a fasa ba, amma yanzu sai Hajiya ta sirka, ta tsoma gwiwar hannunta, tana mitar cewa wannan ruwan ko kaza ba zai fige ba. Maganin asibiti kuwa ita ta karɓe ragamarsa, ko minti ba ta bari ya wuce.

Kafin mu taho kumburin ya saɓe, ciwon kai ya tafi, Yaya ta raka mu har bakin titi da takalminta na gayu. Dawowa ta yi daɗi, cinyata ba kowa sai ledar burodi.

Abin da na koyo? Da ina ɗauka rubutun Goggo takarda ce kawai da ke hana ta zuwa biki. Ashe ya riga mu isa Agege, ya zauna a bakin wata nas da ba ta taɓa ganin ta ba, yana jiran ranar da yayata za ta buƙace shi. Maganar da aka ƙi ji a waya, sai da ta zaga ta makarantu ta dawo sannan ta shiga.

Jiya maƙwabciyarmu ta aiko neman kanwa, surukarta ta haihu. Hajiya ta ce da ɗan aiken ya koma ya ce a fara kai yarinyar a auna jininta. Na ce, “Tsohuwa, wa ya gaya miki haka?”

“Likitocin Legas,” in ji ta. “Ja'ira, tashi ki ba ni wuri.”