Babin Yahudawa da Saƙon Murya

Ina shekara ta uku da fara koyar da tarihi a wata makarantar je-ka-ka-dawo ta 'yan mata a unguwar Malaz da ke Riyad aka kawo mana sabon littafi daga waje. A ciki akwai babi guda kan Yahudawa: Attaura, hutun Asabar, ƙa'idojin abincinsu. A da, manne irin waɗannan shafuka muke yi da gam kafin littafi ya shiga hannun yara. Wannan karon mudira, wato shugabarmu, ta ce a bar su, tunda jarrabawa za ta taɓo su.

Na koyar da babin ga 'yan aji bakwai. Wata yarinya Bahaushiya mai kaifin kai, wadda Larabci ya fi zama a bakinta, ta yi ta jero min tambayoyi. Me ya sa ba sa haɗa nama da madara? Da gaske ba sa kunna wuta ran Asabar? Na amsa iya sanina.

Uwarta nas ce, 'yar garinmu. A falona ta yi wata biyu lokacin da ta fara zuwa Riyad. Yarinyar ta ba ta labarin darasin, ita kuwa ko kirana ba ta yi ba. Waya ta ɗauka ta saki saƙon murya a zauren matan Najeriya, wai ina cusa wa 'ya'yan Musulmi Yahudanci. Kafin la'asar ya isa wayoyin iyaye Larabawa, har da fassara.

Nan take mudira ta manta ita ta ba da izini. Aka karɓe ajin, aka ce za a duba kwantiragina ƙarshen shekara. Iƙamata, wato takardar izinin zamana a ƙasar, a hannun makarantar take; in suka ƙi sabuntawa, sai haɗa kaya. Wata huɗu matan da muke cin tuwon suna tare suna amsa sallamata da ƙyar. Ban yi kuka ba, na dai ƙullaci uwar yarinyar. An ce ramuwar gayya ta fi gayya zafi, ni kuwa na jira.

Ranar ta zo. Yarinyar na neman gurbi a wata makaranta, suna son takardar shaida daga malamar tarihinta. Sai ga uwar a ɗakin malamai da ledar dabino.

"Yaya, ki yi haƙuri," ta ce. "Sharrin Shaiɗan ne."

"Shaiɗan ba ya cikin zauren nan, Hajiya. Muryarki na ji. Ɗauko wayarki."

Na ce ta faɗa wa zauren ƙarya ta yi min. Saƙon farko ta yi shi ƙasa-ƙasa, na ce ta goge. Na biyu ta ce rashin fahimta ne, na ce ta goge. Na uku muryarta ta karye, sannan na bari ta tura, na kuma tura wa mudira a gabanta. Wallahi na ji sanyi har cikin raina. Saƙon nan ne ya ceci aikina, kuma har yau ban yafe mata ba.

Na zauna na rubuta takardar, na yabi yarinyar da gaskiya, don ta cancanta. Da na buɗe ƙofa sai na gan ta tsaye da jakarta. Ashe duk ta ji.

Ta karɓi takardar da hannu biyu, ba ta dube ni ba.

"Malama," ta ce da Hausarta mai nauyi, "ni ce fa na ba ta labarin. Ni ya kamata ki sa, ba ita ba."

Ta kama hannun uwarta suka sauka.