Malam Ɗahiru, Mai Tsintar Gawo a Makwancin Awaki

Da gari ya waye, Malam Ɗahiru na Fagada yakan ɗauki tsohuwar ƙwarya ya nufi garken Isiyaku makiyayi. Ba nono yake nema ba. Durƙusawa yake yi a makwancin awaki, yana murza kashinsu da yatsa, yana tsince ƙwayoyin gawo. Shekara ashirin da shida ke nan yana wannan aiki, shi kaɗai.

Lokacin da nake koyarwa a firamaren garin na tambaye shi dalili. Ya ce, "Malam, ɗan gawo ba shi tsira da wuri sai ya bi ta cikin akuya. Ita ka tausasa mashi ɓawo. Nawa aikin tsintuwa ne kawai."

Mu da muka tashi tsakanin Jega da Aliero mun san dajin nan da ɗorawa, da ɗinya, da kanya. Yanzu damina tana makara, in ta zo ta zubo gaba ɗaya ta ɗauke. Manyan itatuwa suna bushewa daga sama, kuma babu ƙanana a ƙarƙashinsu. Tumfafiya da sabara sun gaje wurin.

Isiyaku ne ya ba ni labarin shekarar da Malam Ɗahiru ya dasa gawo ɗari uku da ruwan farko, yadda ake shuka gero. Sama ta yi shiru kwana ashirin da huɗu. Ya yi ta jigilar ruwa a keke, amma bakwai kaɗai suka rayu.

"Na iske shi zaune gabansu," in ji Isiyaku, "na ce, 'Ɗahiru, ko mu shimfiɗa tabarmar ta'aziyya?' Bai yi dariya ba. Ya ce, 'Laihina ne. Na yarda da ruwan farko kamar yadda iyayenmu suka yarda.'"

Tun daga nan ba ya dashe sai gero ya kai gwiwa. Bakwai ɗin nan suna tsaye a bakin hanyar fadama. Da rani masu noman albasa suna hutawa a inuwarsu, kuma ƙalilan ne suka san hannun da ya dasa su.

Matarsa Rabi, wadda take cika masa ledojin renon gawo da ƙasa, ta rasu shekara huɗu da suka wuce. 'Ya'yansa sun bi motocin albasa zuwa kudu. Ga yanar ido ta fara rufe masa gani. Makon jiya ya miƙo mini tafin hannunsa ya ce, "Malam, duba mani, gawo ne?" Rabin abin tsakuwa ne, na kuma gaya masa gaskiya. Sai ya ce, "To wa za ni nuna ma aikin nan?"

Kai ne, Malam Ɗahiru, ka durƙusa inda muka ƙyamata, domin jikokin wasu su sami inuwa. Uban marayun itatuwa, mun gode. Allah ya saka maka, ya jiƙan Rabi, ya ba idonka lafiya.

Ku kuma mutanen Jega, Aliero da Maiyama, aikin nan ba ya buƙatar takardar makaranta. Ƙwaryar tana rataye a zaurensa, awakin Isiyaku suna nan. Mai niyyar koyo ya je tun mai nunawa yana nan.